Fastar da Ke Bangon Mai Gyaran Takalmi

Ina zaune a shagon mai gyaran takalmi ina jiran silifas ɗina, sai wani dattijo ya tsaya yana kallon tsohuwar fastar silima da ke liƙe a bango. Ni kuwa na gyara kunne.

"Ɗana, sayar mini da takardar nan," in ji shi.

"Baba, rami take toshe mini. In na cire, iska za ta dame ni. Me za ka yi da ita?"

"Ni na zana ta. Shekara goma sha biyu ina yi wa silimar bakin tasha zane, kafin a mai da ita ɗakin ajiye siminti."

"Ka iya kam. Amma tsofaffi na cewa jarumar ba ta yi kama da ta cikin fim ɗin ba."

"Ina zan gan ta? Sai ranar nunawa faifan yake isowa, ni kuma da sauran mako nake zane. Kowace jaruma fuska ɗaya nake ba ta. Wannan kaɗai ta rage."

"Allah sarki. Fuskar Mama ce? Allah ya jiƙanta."

"Mamarku na gida, lafiyarta ƙalau. Wannan mai sayar da tikiti ce. Bara ta rasu."

Mai gyara ya ajiye allurarsa. "To Baba, in na ba ka, a wane ɗaki za ka rataye ta?"

Dattijo ya sosa gemu.

"Bar ta a nan," in ji mai gyara. "Ga benci. Ka riƙa kawo takalma, ko ba su tsinke ba."

Na matsa masa da sauri, don ban gama jin labarin mai tikiti ba.