Sandar Kakana Ba Za Ta Shara Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Ni ne mai motocin dakon kaya a tashar jiragen ruwan Jidda, da gumina na tara su.

Bana na raka 'yata Ingila karatu, muka zaga wani tsohon gidan sarauta a ƙauye. Har cokalin maigidan an killace cikin gilashi! Ina ta dariya, sai ta ce, "Baba, mu fa? Ina sandar da kakanka ya tako da ita daga Kano zuwa Makka?"

Tana ɗakin tarkace a unguwar Sa'alaba nan Jidda, ƙanena kullum cewa yake, "Halas Yaya, ya isa haka, a zubar." Wallahi ba mai zubar da ita, falona za ta hau, cikin gilashi. Amma gara ta fara cinta. Jama'a, wane magani zan sa mata?