Ranar da Muka Bar Golanmu a Maigatari

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Gumel nake rubuto maka. Ni ne kyaftin na wata ƙungiyar wasanni da muka kafa muna samari. Da ƙwallo muka fara, daga baya 'yan kokawa da 'yan tseren keke suka shigo.

Muna da al'ada: in mun je wasa wani gari, mota ba ta tashi sai na kira sunan kowa ya amsa. Ranar da muka ci kofi a Maigatari, murna ta ɗebe ni, ban kira ba. Sai a Gumel muka ga babu golanmu Bulus, malamin asibiti ɗan Filato, wanda ya tare mana fenareti. Ashe ya je wanke raunin da ya ji ne.

Washegari ya iso a motar shanu, ya ajiye safar hannunsa a gabana, ya ce, "Kyaftin, da Garba ne, da kun tashi?" Garba ɗan wasanmu ne, haifaffen Gumel. Bulus bai sake taka fili ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Ƙungiyar ta watse, filin ya zama tashar mota, rabinmu sun rasu. Amma duk la'asar in na bi ta wurin, sai in ji bakina yana jero sunayen nan, in zo kan nasa in tsaya.

Jama'a, wanda ya san inda yake ya isar masa. Safar tana wurina. Bulus, yau na kira sunanka. Don Allah ka amsa.