Kwalbar Ƙarin Jini

A ɗakin jiran masu karɓar maganin cutar kansa, wata dattijuwa ta leƙa jakar budurwar da ke gefenta.

"'Yata, wannan kwalbar ta wace ce?"

"Ta mamata ce, maganin ƙarin jini. Allurar nan tana galabaitar da ita."

"Likita ne ya rubuta?"

"A'a, Inna, mai kemis ne."

"To, saurara. Ƙwayar kansa ba ta rabuwa biyu sai ta kwafi rubutun halittarta. Akwai wani sinadari a cikinta, shi ke haɗa mata tawadar. Ita allurar, hannun wannan sinadarin take ɗaurewa. Wasu kwalaben kuwa akwai abin da zai iya ɓata wannan aikin a cikinsu."

"Ikon Allah! Malamar asibiti ce ke?"

"Ina! Kitso nake yi. Kwalba biyu na shanye a ɓoye kafin likita ya zana min abin a bayan kati."

Budurwar ta sunkuyar da kai.

"Inna, tun Litinin nake ba ta. Zai yi min faɗa."

"Zai yi mana! Ni har kuka na yi, kuma ga ni garau. In an kira ku, shi za ki fara gaya masa, tun kafin gaisuwa."