Bambar da Maigidana Ya Lotsa

Barka da aiki mai gabatarwa. Ni ce Maman Dauda daga Rikoto.

Maigidana soja ne. Ranar da zai koma bakin aiki, yana ja da baya da bas ɗinmu ta haya yana tsokanata, sai ya daki mangwaron ƙofar gida, bamba ta lotse. Ya yi dariya ya ce, "Bar ta, in na dawo zan gyara."

Damina biyu ke nan. Tsatsa ta cinye ta, direbanmu ya ce sabuwa sai na sayar da dawar bana. Wallahi ba dawar nake ji ba. In aka cire ta, me zan riƙa kallo da safe?

Jama'a, in canza ko in jira? Baban Dauda, in kana saurare, har yanzu ban bari kowa ya taɓa ta ba.