Mai Zuwa Shaidar Uzairu

A tashar Rano muna jiran mota ta cika, sai wata dattijuwa ta tambayi mutumin da ke gefenta ina za shi da sabuwar hula haka.

"Kano, Hajiya. Ƙanina Uzairu ke neman lasisin haɗa mutane da bashin gina gida. Ya taɓa zaman gidan yari kan damfara, shi ne zan je in shaide shi."

"Ikon Allah! Ana ba irinsu, ɗan nan?"

"In an ga sun shiryu. Shi kam wallahi ya shiryu."

"Madalla. Takardar gidanka ma shi ke ajiye maka ke nan?"

Mutumin ya gyara hularsa.

"Tana Rurum wajen surukata, tun da ya fito. Gidanmu gara ta yi yawa, Hajiya."