Inda Allura Ke Tsalle

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma jinsa na yi a rumfar mai kaset, a tashar Kawo.

Wani dattijo ya miƙa tsohon faifan garmaho na kiɗan jaz. "Samari, ɗaukar min shi a kaset."

Mai kaset ya saurara. "Baba, ai ƙara yake kamar ana suyar ƙosai. Ga allura tana tsalle a tsakiya. In yanke wurin?"

"Yanke me? Mutanen nan sun busa ƙaho tun ba a haifi babanka ba! Tsallen kuwa, marigayiya matata Hannatu ce ta bugi teburi, ranar da ta ƙi kowa ta yi rawa da ni. Bar shi da tsallensa."

Na sulale kafin su ga ina share hawaye.