Shaidar da Na Hana Yayata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara daraja.

Zamanin shigowar Nasara ƙasar Dutse, ina yaro, ni da yayata Hajara muna tsintar dabino muka ga mutane uku, tsayinsu bai wuce turmi ba, suna shanya gero kan falalen dutse. Mahaifinmu malami ne, da muka ba shi labari, ya ce mu dafa Alƙur'ani mu rantse. Yaya ta dafa. Ni na tsorata, na ce ban ga komai ba. Daga ranar aka laƙaba mata ƙarya, har ta rasu bara ban wanke ta ba.

Yanzu ina faɗa, jikokina suna dariya: "Tsoho, birai ka gani!"

Jama'a, ku ba ni shawara. Gaban wa zan kai wannan shaida?

Naku, dattijo daga Dutse.